Wai da gaske zafin bahar ne ke korar kifi, ko dai wayon dillalai ne?

Ummu Hanan, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa ya tashi lafiya. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar bahar, musamman mutanenmu na Bursudan da Jizan da masu shugul a Bangala, kasuwar kifi ta Jidda. Ni sana'ar abinci nake a gida, sayadiya (shinkafa da kifi) da soyayyen kifi, wani lokacin a ba ni odar walima ko suna. Ƙanina ne ke je min Bangala da asuba lokacin haraj, wato gwanjon kifi, to tunda zafin nan ya kankama kullum labari ɗaya yake dawo min da shi, farashin kifin sha'ur ya hau, hamur sai ƙanana, najil kuwa ko tayawa ba ya yi don ya san kuɗin da na ba shi ba za su kai ko'ina ba. In ya tambaya sai su ce masa wai ruwa ya yi zafi kifi ya nutse ƙasa masunta ba sa samu.

Ni fa maganar ba ta kwanta min ba. Yaushe aka taɓa yin Jidda babu zafi? Tun muna yara watan bakwai da watan takwas ko ƙofar gida ba ka iya tsayawa da rana amma muna cin kifi har mu ture. Sai yanzu ne kifi ya san zafi? Kuma jiya ɗan maƙwabciyata da ke jami'a ya ce min wai wani abu ne El Nino da ke faruwa can wajen Amurka ta Kudu shi ke jawo wannan, to fisabilillahi ina ruwan Bahar Maliya da Amurka ta Kudu, mu da Sawakin ɗin nan da ke tsallake ma sai an kwana a jirgi kafin a kai. Wanda ya sani ya warware min, don kwastomomina ba sa jin wannan bayanin, da na ƙara riyal biyar a faranti sai ka ga fuska ta canja.

Baba Mai Huri, Gunfuda:

Wa alaikumus salam 'yata. Jikana ne ke buga min a jawwal ina faɗa masa.

Ba ƙarya suka yi wa ƙaninki ba, sai dai ba su faɗa masa duka ba. Ni a ruwan nan na tsufa, daga huri, ƙaramin kwale-kwale, na fara har muka koma fiba mai inji, kuma kowane masunci ya san bahar na seif (lokacin zafi) daban na shita (lokacin sanyi) daban. In seif ya yi ruwan ma kansa ja da baya yake, kawunan sha'ab (duwatsun murjani) da ba ka gani da shita sai su fito fili rana na dukansu, ruwan bakin gaɓa kuwa in ka tsoma ƙafa da la'asar ɗumi za ka ji sosai. Babban kifi ba ya zama a nan. Inda nake jefa ƙugiya gaba goma in ciro sha'ur da shita, da seif sai na saki zare gaba talatin ko arba'in, kuma da rana ko ka kai masa abinci har baki ba ya ci, sai dare ko gab da asuba. To yi lissafi da kanki, tafiya ta ƙara nisa, banzin ya ƙaru, ƙanƙara na narkewa tun ba a cika sanduƙi ba, yaran jirgi kuma ba sa iya jure kwanaki da yawa a wannan rana. Duk a kan kilon da kike saya abin yake sauka.

Sannan akwai hanin hukuma. Daga 1 ga watan huɗu har tsawon wata biyu ba a kama najil da taradi a wannan gaɓar, lokacin ne suke taruwa su zuba ƙwai, kuma ni ban ga laifin hanin ba don a lokacin nan wuri ɗaya suke cunkushewa, jirgi biyu ko uku za su iya kwashe iyayen kifin shekara guda cikin 'yan darare. Ga kuma iskar azyab, in ta taso daga kudu sai a yi kwana da kwanaki babu mai fita, ko kana so ba za a ba ka izinin fita ba.

Cewa da kika yi da can ma akwai zafi, haka ne, amma yana zuwa ya tafi a kan lokacinsa. Abin da ban taɓa gani ba sai da girma ya kama ni shi ne na 2015. Ƙarshen seif ɗin shekarar muka fita ta wajen Lith, sha'ab ɗin da muka sani ruwan ƙasa-ƙasa da ɗorawa da shuɗi duk ya koma fari fat, kana cikin jirgi kana hango shi ta ƙarƙashin ruwa. Yara na ta cewa ya yi kyau, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Bayan 'yan watanni gansakuka ta rufe shi, daga baya rassan suka karairaye. Kifi bai ɓace nan take ba, harid da sijan ma ba su damu ba tunda su ciyawar suke ci, amma ƙananan kifayen da ke ɓuya cikin rassan suka ragu, kuma su ne abincin najil da hamur. Wasu wuraren da mahaifina ya nuna min har yau ban sake samun abin kirki a cikinsu ba.

Dan Karantina:

Baba Allah ya kara girma da lafiya, ba musu nake da kai ba amma ni dai yanzu komai aka ce sauyin yanayi, tumatir yayi tsada sauyin yanayi, kifi yayi tsada sauyin yanayi. Hajiya kije Bangala da kanki ki duba hamur din da ake shimfidawa, wani ko tafin hannu bai kai ba, wannan zafi ne ya kamo shi ko mutum? Jirage sun ninka na da, kowa da GPS da na'urar ganin kifi a kasan ruwa, babu ramin da kifi zai buya kuma, ga raga mai kananan ido da bata barin komai, ga gabar da aka cike da kasa aka yi gine gine inda da can itatuwan shura ne kifi ke renon 'ya'yansa a cikin saiwoyinsu. Ba a banza ake cewa kifi na ganinka mai jar koma ba, shi yasan waye makiyinsa.

Sannan wani abu da mutane basa lura, kifin da ke kasuwar nan da yawansa ba ma na ruwan Jidda bane, daga Yaman da Oman da Pakistan da Misira yake zuwa a tirela da jirgin sama, najil ma wani daga Sudan ake kawo shi, to in kudin dako ya tashi ko hanya ta samu mushkila dole farashi ya hau ko da bahar yayi sanyi kamar talaja. Kuma dillali ai in yaga kowa ya yarda da maganar zafi shima sai ya fake da ita ya dora nasa.

Abu Yasir, Bursudan:

Salam jama'a. Hajiya Ummu Hanan, Baba, da kai ya zol na Karantina duk na karanta. Ni a kulliyar ilimin bahar ta jami'ar Bahar Maliya nan Bursudan na yi karatu, yanzu kuma harkar ƙanƙara nake a Sigala, kasuwar kifi ta garin nan, to ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai ɗumamar duniya wadda take hawa a hankali ba ta sauka, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na rarar zafin nan teku ne ke shanyewa. Akwai kuma kai-komon yanayi, ya'ani bana zafi baɗi sauƙi, bana iska da ƙarfi baɗi ta yi rauni, wannan tun fil azal yana nan kuma El Nino a cikinsa yake. Abin da ya ɓata lamarin shi ne yanzu kai-komon yana hawa ne a kan ruwan da dama ya riga ya ɗumama, shi ya sa shekarar zafin da a da murjani da kifi za su jure ta wuce, yanzu tana ƙetare abin da za su iya ɗauka. Amsar tambayarki ke nan ta cewa da can ma ai akwai zafi.

Yawancin kifi ba shi da ɗumin jikin kansa irin namu, yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Ruwa ya yi ɗumi jikinsa na ƙara neman oksijin, alhali ruwan ɗumi oksijin ɗin da yake riƙewa bai kai na mai sanyi ba, to dole ya motsa, ko ƙasa ko wani yankin. Sannan ruwan ɗumi ba shi da nauyi, kwanciya yake a sama kamar mai a kan miya ya hana na ƙasa tasowa, kuma takin da ke ciyar da ƙananan tsirran ruwa waɗanda ido ba ya gani a ƙasan yake. Babu taki babu tsirran, babu su babu sardin da bagha, babu waɗannan kuma dirak da tuna ba su da dalilin zuwa.

El Nino ɗin ga yadda yake. A Tekun Fasifik iska ta saba tura ruwan ɗumi zuwa yamma wajen Indunusiya, sai ruwa mai sanyi mai taki ya riƙa tasowa a gaɓar Peru, shi ya sa suke da wani ɗan ƙaramin kifi mai suna ancobeta da babu kifin da ake kamawa da yawa kamarsa a duniya. Duk bayan shekara 2 zuwa 7 iskar nan takan yi sanyin jiki, ruwan ɗumi ya dawo gabas ya danne wurin. A 1970 Peru ta kama sama da tan miliyan 12, da El Nino na 1972 ya zo, a 1973 ko miliyan 2 ba su kai ba. Kuma nan ɗan Karantina yana da gaskiya, don dama sun riga sun yi wa kifin kamun wuce gona da iri, zafin ya zo ya tarar da shi a raunane ne ya ƙarasa shi. A 2023 ma sai da gwamnatinsu ta soke kakar kamu ta farko gaba ɗaya, kuma da yake garin wannan kifin ake sa wa a abincin kaji da kifin gona, tsadar har ta iso wa mutanen da ba su taɓa jin sunan Peru ba.

Yadda yake iso mu kuwa ba ruwan ne ke tahowa ba, sama ce. Fasifik ya fi kowane teku girma, in ɗuminsa ya koma wani gefe to inda hadari ke haɗuwa ma ya koma, iskokin duniya su karkace, bayan 'yan watanni sai Tekun Indiya ya ɗumama shi ma. Ki duba shekarun da murjani ya yi fari a Bahar Maliya, 1998, 2010, 2015 ɗin da Baba ya faɗa, sai 2023 zuwa 2024, duk shekarun El Nino ne ko bayansa kaɗan. Murjani halitta ce mai rai, akwai ƙananan tsirrai a cikin namansa masu ba shi abinci da launi, in ruwa ya ɗara abin da ya saba da digiri 1 kacal na tsawon makonni sai ya fitar da su ya koma fari, in sanyi bai dawo da wuri ba yunwa ta kashe shi.

Shi ma Tekun Indiya yana da nasa kai-komon, wata shekarar yammacinsa wajen Somaliya da Kenya ya fi gabas ɗumi. A 1997 zuwa 1998 abin ya haɗu da El Nino, manyan jiragen tuna na Faransa da Sifen da ke zama a Seshels suka nemi tuna a inda suka saba suka rasa saboda ya yi ƙasa inda ragarsu ba ta kai, sai da suka kwashe suka nufi gabas can wajen Indunusiya suka same shi. Kifin bai ƙare ba, da ruwa ya daidaita suka dawo. A Kerala ta Indiya kuwa, inda wasu daga masuntan da ke aiki a jiragen Saudiyya suka fito, sardin ya faɗi daga kusan tan dubu 400 a 2012 zuwa ƙasa da dubu 50 a 2016, tambayi duk wani ɗan Kerala a Bangala zai ba ki labari.

Namu bahar ɗin kuma halinsa daban ne, kuma ni a ganina shi ya fi ban tsoro. Tsawonsa ya haura kilomita 2,000, babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa, rana na ɗauke ruwan da ya kai zurfin mita 2 a shekara, shi ya sa gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita alhali sauran tekuna 35 ne. Ƙofarsa ta gaske guda ɗaya ce, Babul Mandab, faɗinta wajen kilomita 30, kuma a kusa da tsibiran Hanish akwai tudu a ƙarƙashin ruwa wanda zurfinsa bai kai mita 150 ba. Wannan tudun ne ke tare ruwan ƙasan Tekun Indiya mai sanyi, shi ya sa a manyan tekuna in ka nutsa kilomita 2 ruwan digiri 2 zuwa 4 ne, mu kuwa ko a ramin da ke gaban Sawakin mai zurfin kusan mita 3,000 ruwan bai sauka ƙasa da digiri 21 ba. Kifin buɗaɗɗen teku in ya ji zafi arewa yake yi, kamar titus ɗin da ake ci a Najeriya, wanda daga wajen 2007 ya cika ruwan Aisland har rigimar rabon kamu ta tashi tsakaninsu da Norwe da Tarayyar Turai. Namu in ya yi arewa bango zai tarar, sai dai 'yar ƙofar Suwais da aka buɗe a 1869, kuma sijan ya bi ta ya cika gabashin Bahar Rum. Najil da hamur kuwa 'yan gida ne, a sha'ab ɗinsu suke rayuwa su mutu.

Abincin bahar ɗin nan kusan duk iska ce ke kawo shi. Da shita iskar kudu tana turo ruwan mashigin Adan mai taki ta Babul Mandab, shi ya sa Jizan da Farasan da Hudaida suka fi Yanbu kifi nesa ba kusa ba, ruwansu kore-kore namu na tsakiya da arewa shuɗi tas, kyau a ido amma ba abinci. Da seif iska ta juya ta koma daga arewa tana fitar da ruwan sama, dalilin ja da bayan da Baba ya faɗa ke nan, yana kai kusan rabin mita. A arewa kuma sanyin shita ne ke aikin, in ya yi ƙarfi ruwan sama ya yi nauyi ya nutse ya tono taki, in shita ta zo da ɗumi ba ya tonowa, 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe a lokacin su tashi cikin yunwa, kuma ba za ki ga wannan a kasuwa ba sai bayan shekara biyu ko uku lokacin da ya kamata su kai girman kamu. Masu bincike na jami'ar KAUST da ke Thuwal sun nuna arewacin bahar ɗin ya fi kudancinsa saurin ɗumama, wajen digiri 0.4 duk shekara 10. Su ɗin ne kuma suka nuna cewa a shekarun El Nino iskar shita da ke turo ruwan Adan takan ƙara ƙarfi, ya'ani kudu na iya samun ƙarin taki a shekarar da murjani ke ƙonewa, to ba komai nasa ne sharri ba.

Ɗan Maiwurno:

Salamu alaikum, ni na kogi ne ba na bahar ba amma maganar Abu Yasir ta taɓo mu. Mu a Bahar Azrak, reshen kogin Nilu a Sudan, tun kakanninmu da suka sauka nan bayan yaƙin Burmi na 1903 wasu noma wasu su, kuma abin da kowane masunci ya sani shi ne kifin bana cikowar bana ce ke kawo shi. In ruwa ya cika ya shiga fadamu da ƙoramu, karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa su shiga ciyawa su hayayyafa, in ya janye ka kama har ka rasa gishirin fasikh da wurin shanya kajek. In cikowa ta yi rauni kuwa shekarar sai haƙuri. Ruwan nan kuma daga duwatsun Habasha yake zuwa, kuma an daɗe da gano cewa shekarun El Nino daminar Habasha takan gaza, kamar 2015 da suka yi mummunan fari mu ma kogi ya zo a rame, shekarun kishiyarsa La Nina kuma ruwa yakan yi yawa, 1988 da Hartum ta nutse shekararta ce, haka 2020 da ma'aunin Hartum ya haura mita 17 da rabi ya wuce na 1946. Ba kowace shekara take bin ƙa'idar ba amma yawanci haka ne. To Hajiya kin ga har mu da ba mu taɓa ganin Fasifik ba yana shiga mana tukunya.

Sai dai yanzu tunda Habasha ta fara tara ruwa a madatsarta ta Saddin Nahda a 2020 kogin ya canja hali, ruwan ya yi haske babu laka irin ta da, hawa da saukarsa ma ba sa bin lokacin da tsofaffi suka sani, ga madatsun Rusairis da Sinnar kowanne da ƙofofinsa. Sai kuma yaƙin nan na Sudan da ya tarwatsa mutane tun watan huɗu na 2023, wasu sun bar kwale-kwalensu da komarsu ba su koma ba har yau. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Ummu Hanan, Jidda:

Amin ya Allah, Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Baba na gode Allah ya ƙara lafiya, Abu Yasir wallahi ka yi min makaranta, ɗan Karantina kai ma ban ƙi taka ba don ƙananan hamur ɗin nan ni ma suna ba ni haushi, rabi kai rabi ƙaya. To amma ni yanzu ya zan yi da sana'ata, in jira shita farashi ya sauko ko in haƙura da sha'ur gaba ɗaya? Kuma in El Nino ɗin ya wuce komai zai koma yadda yake?

Abu Yasir, Bursudan:

Hajiya na seif zai sauka in sha Allah, da ruwa ya fara sanyi wajen watan goma sha ɗaya kifi zai dawo sama kuma ya riƙa ci da rana. Na El Nino ma yana wucewa, yawanci bai fi shekara guda ba, kifaye masu yawo irin sardin da bagha da tuna suna farfaɗowa da wuri in an bar musu iyaye. Wanda ba ya dawowa da sauri shi ne sha'ab, murjani mai rassa yana son shekara 10 ko fiye kafin ya koma yadda yake, kuma daga 2015 zuwa 2023 shekara 8 ce kawai. Ga shi hamur da najil a hankali suke girma, kuma yawancinsu mace suke farawa sai sun manyanta su rikiɗe su koma namiji, to in ana kwashe manya ana kuma kwashe ƙanana kin ga inda aka dosa ko babu zafi. Nan ne maganar ɗan Karantina ta fi tawa amfani, don zafin Fasifik ba a hannunmu yake ba amma idon raga a hannunmu yake.

Shawarata, da seif ki karkata ga bagha da arabi da bayad da kifin gona irin dinis da karus, sayadiya ai albasa da romon kai ne sirrinta, ki ajiye najil ga mai odar da ya yarda ya biya. Kuma ki ce wa ƙaninki ya riƙa ɗaga kunnen kifin yana dubawa ya danna naman da yatsa, don a wannan zafin kifin da ya yi doguwar tafiya ƙanƙara ta gaza masa ya fi tsada zama matsala, musamman bagha da tuna, in suka ɗumama ko kaɗan suna sa ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai kuma suya ba ta kashe wannan gubar. Mu nan Sigala tunda mutanen Hartum suka cika gari wuta kuma tana yawan ɗaukewa, ƙanƙarar ce ma ta zama abin nema.

Baba Mai Huri, Gunfuda:

Malam Abu Yasir Allah ya ƙara ilimi, duk na yarda in ban da abu ɗaya. Kar ka sa 'yata ta zuba kifin gona a sayadiyar walima, mutanen Jidda da cokali na farko za su gane, namansa taushi gare shi kuma ga kitse, romonsa ba ya ba shinkafa launi da ƙamshin da ake so. In sha'ur ya gagara ki nemi faris ko babban bayad, ki ce a ba ki kawunan daban. Ƙaninki kuma ya daina zuwa ranar Alhamis da Juma'a, ranakun masu matam (gidajen abinci) da masu biki ne, ya je farkon mako kuma ya tambaya ko motocin Jizan da Gunfuda sun iso kafin ya taya komai.